TUFAFI NAWA ZA SU ISHI MAI ZUWA HUTU YANKARI DA BAZARA?

Idan hunturu ya kau, bazara ta kunno kai, watau tun daga ƙarshen watan Fabrairu har zuwa ƙarshen Afrilu, a sa'an nan ne masu sha'awar kallon namun daji su kan ɗaura niyyar zuwa Yankari, cikin Jihar Bauchi. Dalili kuwa a fili ya ke. A waɗannan watanni ciyawa ta bushe ta kwanta, tafkuna da ƙoramu sun ƙafe, ba sauran ruwan kirki sai a kogin Gaji da maɓuɓɓugan da ke zuba cikinsa. Saboda haka giwa da ɓauna da gwanki da gwambaza, kowa tilas ya gangaro bakin kogi neman sha, mai kallo kuwa ya sami abin da ya zo nema. Ga shi kuma hutun 'yan makaranta na zango na biyu ya kan faɗo cikin Afrilu, sai magidanci ya ga dama ta samu ta kai iyali su buɗe ido, gama an ce tafiya mabuɗin ilmi.

Amma fa lokacin da ya fi kyan kallo shi ne kuma ya fi zafi. Cikin Maris da Afrilu ma'aunin zafi a wannan daji ya kan haura digiri 40 da rana tsaka. To, mutumin da zai kwana huɗu ko biyar a irin wannan wuri, shi da matarsa da 'ya'yansa, waɗanne irin tufafi ya kamata ya sa cikin jaka, kuma guda nawa nawa?

Watakila wani ya ce wannan ba maganar da za a ɓata tawada dominta ba ce. Amma duk wanda ya taɓa tsayawa a tasha ya dubi matafiya ya san iri biyu ne suka fi yawa. Na farko shi ne mai ƙidayar kwanaki. Kwana huɗu zai yi, sai ya ɗauki riga huɗu da wando huɗu, ya ce shi ke nan. Kafin rana ta biyu ta faɗi ya jiƙe uku da gumi, sauran kwanakin kuwa ya yi su cikin tsami da ƙaiƙayi. Na biyu shi ne mai kwashe ɗaki: ga shadda, ga leshi, ga babbar riga, ga takalma ƙafa biyar, akwati har sai an hau kansa kafin ya rufu, sai ka ce mai zuwa biki. Shi kuma ya kan komo gida da rabin kayan ko ninkinsu bai warware ba, alhali kuwa abin da ya fi bukata a can, watau riga mai sauƙi wadda za a wanke ta bushe nan da nan, bai tafi da ita ba.

Dukansu biyu kuskurensu ɗaya ne. Tufafin tafiyar bazara da gumi a ke auna su, da kuma wanki. Yawan kwanaki da son ado ba su da ta cewa a ciki. Wanda ya gane wannan, ƙaramar jaka ta ishe shi mako guda.

YADDA YINI YA KE A YANKARI

Kafin a yi lissafin kaya, ya kyautu a san wurin da za a sa su. Dajin Yankari faɗinsa murabba'in kilomita 2,244 ne. A shekarar 1956 aka keɓe shi don kiyaye namun daji, zamanin Gwamnatin Jihar Arewa, aka buɗe shi ga masu kallo ran 1 ga Disamba, 1962. A 1991 Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi, a 2006 kuma ya komo hannun Gwamnatin Jihar Bauchi. Mai zuwa daga birnin Bauchi ya kan bi hanyar Gombe, ya ratse a Dindima, ya isa ƙofar shiga a Mainamaji. Daga ƙofar kuwa akwai sauran tafiya ta wajen kilomita 40 cikin daji kafin a kai masaukin baƙi na Wikki. Duka-duka daga Bauchi tafiyar ta ɗara kilomita 100. Wannan nisa abin lura ne, gama wanda ya manta da hula ko takalmi ba shi da kasuwa a bayan ɗaki da zai leƙa ya sayo.

Yini guda a can kashi huɗu ne. Da sassafe a kan fita cikin mota a zaga bakin kogi, lokacin da namun daji ke kiwo da shan ruwa. Nan akwai ƙura, da ƙaya in an sauka, da ƙudaje masu cizo. In rana ta take sai a komo masauki a fake a inuwa, ko a gangara maɓuɓɓugar Wikki, wadda ruwanta ke ɓulɓulowa daga ƙarƙashin dutse garai-garai, ɗuminsa wajen digiri 31, rani da damina, dare da rana, ba ya sakewa. Da la'asar a kan sake fita daji, ko a je kallon kogwannin Marshall da rijiyoyin Dukkey, inda sai an taka da ƙafa. Da magariba kuma sauro ya karɓi aiki. Ko da ya ke da rani ya kan ragu, kusa da ruwa ba a rasa shi. Kun ga kowane kashi da irin suturar da ya ke bukata, kuma a ƙalla sau biyu mutum zai sake abin da ke manne da jikinsa kafin ya kwanta. Wannan shi ne abin da mai ƙidayar kwanaki bai sa cikin lissafinsa ba.

AIKIN GUMI

Zafin jikin ɗan Adam mai lafiya wajen digiri 37 ne, jiki kuwa kullum ƙoƙarinsa ke nan ya tsaya a nan, kada ya hau, kada ya sauka. Idan iskar gari ta fi fata sanyi, zafi ya kan fita daga jiki ya bi iska da kansa. Amma ranar da iska ta kai digiri 40, ta fi jikin zafi ke nan, sai al'amarin ya juya, iska ce ke ɗura wa jiki zafi. A sa'an nan dabara ɗaya tak ta rage wa jiki, watau gumi.

Sai dai a lura, bushewar gumi ita ke sanyaya mutum, fitarsa kaɗai ba ta isa ba. Misalinsa misalin randa ne. Abin da ya sa ruwan randa ya fi na bokitin roba sanyi shi ne, randa tana tsattsafo da ruwa ta jikinta, iska na busar da shi, bushewar nan kuwa ita ke janye zafi daga ruwan da ke ciki. A shafe randa da fenti a toshe ƙofofinta, ruwanta ba zai ƙara yin sanyi ba. Haka fatar mutum ta ke. Lita guda ta gumi, in ta bushe bisa fata, ta kan tafi da zafi wajen kilokalori 580, watau zafin da zai iya kai lita 7 na ruwan randa bakin tafasa. Mutum kuwa mai tafiya a ƙasa cikin rana irin ta Afrilu yana iya zubar da lita guda cikin sa'a ɗaya. Gumin da ya ɗiga ƙasa, ko wanda ya taru ƙarƙashin riga ya rasa hanyar fita, hasara ce biyu: ruwan jiki ya tafi, sanyi bai samu ba.

To, aikin tufa a bazara uku ne: ta tare rana kada ta gasa fata, ta bar iska ta ratsa, ta kuma bar gumi ya bushe. Duk rigar da ta gaza ɗaya daga cikin ukun nan, komi tsadarta, zamanta a gida ya fi.

WANE YADI, WANE ƊINKI?

Auduga ita ce kan gaba. Zarenta yana shan danshi. A iskar yau da kullum ta kan riƙe ruwa wajen kashi 8 cikin 100 na nauyinta, alhali zaren roba da a ke kira poliyesta ko kashi 1 bai kai ba. Shi ya sa rigar auduga ke tsotse gumi daga fata ta shimfiɗa shi ga iska, rigar roba mai matsattsiyar saƙa kuwa ta bar shi yana kwarara a gadon baya, ta manne, ta yi wari da wuri. Lilin shi ma yana da kyau ƙwarai, har ya fi auduga saurin bushewa. Aibinsa dai saurin yamutsewa, a daji kuwa ba mai duban wannan. Yadi da yawa da ke kasuwa yanzu gauraye ne, ido kuwa ba kullum ya ke rarrabewa ba. Akwai gwaji mai sauƙi: a zaro zare guda daga gefen yadin a kusantar da shi ga ashana. Na auduga ya kan ci wuta ya bar toka mai laushi, na roba kuwa ya narke ya dunƙule ya yi tauri.

Shadda fa? Shadda ta ƙwarai auduga ce, amma saƙarta a matse ta ke, ga sitaci da bugu sun toshe 'yan ƙofofin da iska za ta bi. Babbar riga da 'yar ciki da wando su kan ci yadi goma ko fiye. Wankinsu da shanyarsu da gugarsu aikin yini ne. Haka kuma leshi mai nauyi da duwatsu, wanda tilas sai an yi masa shafi. Waɗannan kayan Salla ne da biki. Atamfar auduga wadda ta sha wanki ta yi laushi, da boyel, da yadi marar nauyi, su ne kayan bazara. A nan tsohuwar tufa ta fi sabuwa, gama sabuwa ba a san halinta ba tukuna. Tana iya zuba in ta sha gumi, tana iya gurje wuya.

Game da ɗinki kuwa, mutanen da sun riga sun gama magana. Dubi Buzayen Azbin masu ratsa hamada da raƙuma. Ba ka ganinsu da matsattsun kaya, sai riga mai yalwa, da wando mai yalwa, da rawani. Mai ganin cewa rage tufafi shi ne maganin zafi rabin gaskiya ya riƙe. A inuwa haka ne, amma a rana fatar da ke waje ita ke shan wuta. A shekarar 1980 mujallar kimiyya mai suna Nature ta buga binciken waɗansu masana huɗu waɗanda suka nemi sanin dalilin da ya sa Larabawan ƙauye na hamadar Sina'i ke sa baƙaƙen riguna cikin zafi. Suka tsai da mutum cikin rana, wani lokaci da baƙar riga mai yalwa, wani lokaci da fara, suka yi ta awo. Sai suka tarar zafin da ke isa jikinsa ɗaya ne, ko da baƙa ko da fara. Lalle baƙar ta fi ɗaukar zafi, amma iskar da ke kai da kawowa tsakanin riga da jiki ta kan ɗauke shi kafin ya kai ga fata. Ashe yalwar riga ta fi launinta muhimmanci. Saboda haka kaftani mai sakin jiki, da jallabiya, da doguwar rigar mata mai faɗi, sun fi matsattsiyar riga da wandon jins nesa ba kusa ba.

LAUNI DA ƘUDAN TSANDO

Amma kada mai karatu ya ji wannan ya cika jakarsa da baƙaƙe da shuɗɗa, gama a Yankari akwai wani mai magana bayan rana, shi ne ƙudan tsando. Wannan ƙuda yana zaune a kurmin bakin kogi da dajin da namun daji ke kiwo, watau daidai inda a ke zuwa kallo, kuma da rana ya ke cizo. Shi ke kawo wa shanu sammore, mutane kuwa ciwon barci. Ciwon barcin ya ragu ƙwarai a zamanin nan, amma cizon kansa kamar sukar allura ya ke, ya kan kumbura ya yi kwanaki yana ƙaiƙayi, balle ga yara. An daɗe da sanin cewa shuɗi da baƙi su ke jawo shi, shi ya sa ma'aikatan yaƙi da shi su ke ɗinka tarkonsu da ƙyallen shuɗi da baƙi. Wanda ya shiga daji da shuɗiyar riga ya mai da kansa tarko ke nan. Abu mai motsi ma yana jan hankalinsa, don haka ne ya kan bi mota.

Fari tas kuma ba ya jure ƙurar hanya. Abin da ya fi shi ne launin da ya saje da busasshen daji: ruwan ƙasa mai haske, da kaki, da ruwan toka. Sai dai a guji yadi mai dabbare-dabbare irin na soja, gama sa shi ya kan jawo wa farar hula tambaya a shingen hanya.

Har wa yau ƙudan tsando yana iya huda yadi mai shara-shara. Don haka rigar fita daji ta zama mai dogon hannu, mai matsakaicin kauri, wando kuwa har idon sawu, tare da safa. Boyel da sauran masu shara-shara a bar su na zaman masauki da rana tsaka.

LISSAFIN UKU

Yanzu mu zo ga ƙidaya. Murhu duwatsu uku gare shi, haka kuma kayan matafiyin bazara: ɗaya a jiki, ɗaya a igiya, ɗaya a jaka. Iskar Yankari cikin Maris busasshiya ce. Rigar audugar da aka wanke aka matse aka shanya a rana, da wuya ta wuce sa'a biyu ba ta bushe ba. Tun da ya ke haka ne, kaya kala uku na fita daji sun ishi mutum, ko kwana uku zai yi ko kwana goma, muddin kowace rana ana wanke wanda aka tuɓe. In kwanaki sun ƙaru, sabulu a ke ƙarawa, tufafi kuwa suna nan yadda su ke.

Kayan ciki su ne ba a yi musu rowa. Su ke fara shan gumi, su ke kuma haddasa ƙurajen zafi da gurjewar cinya da hammata in an bar su da danshi a jiki. A lissafta biyu kowace rana, a ɗauki na kwana uku, watau shida. Ba su da nauyi, ba su cin wuri.

Namiji ya ɗauki riga mai dogon hannu da wando kala uku. Jallabiya biyu marasa nauyi, ɗaya ta zaman rana, ɗaya ta barci. Singileti da gajeren wando shida shida. Safa ƙafa uku. Sa'an nan kaftani ɗaya mai kyau da hularsa, na hanya da shiga gari. Mace ta ɗauki doguwar riga mai yalwa guda uku, kowace da dogon wandon auduga na sawa a ƙarƙashi, saboda hawa mota da cizon ƙuda, kayan ciki na auduga shida, ɗankwali uku, mayafi ko hijabi biyu ko uku marasa nauyi, ban da baƙi, ban da shuɗi, sai kala ɗaya na fita unguwa. Hijabin roba mai kauri wanda ya sauka har ƙasa, in an ɗora shi bisa riga da zane, ya zama tanda. Na auduga mai sauƙi yana rufe jiki daidai da shi, ba ya kuwa dafa mai shi.

Zane kuma a ɗauki biyu, ko da ba za a ɗaura ba, gama babu tufar da ta kai shi yawan aiki a tafiya. Shi ne tawul, shi ne shimfiɗa, shi ne labule a wurin sake kaya, shi ne na goyo, in zafi ya bugi wani kuma shi za a jiƙa a lulluɓa masa. Ya fi tawul mai kauri saurin bushewa, ga shi ba nauyi.

Yara lissafinsu dabam ne, sai an ninka. Yaro ba ya zama a inuwa don an ce ya zauna. Ga ƙasa, ga mangwaro, ga ruwa. Kowanne a sa masa kala biyar ko shida, duk na auduga, biyu daga ciki masu dogon hannu don daji da dare. Jariri kuwa jikinsa bai iya fid da zafi kamar na babba ba. Kada a naɗe shi cikin shawul da hular ulu da safa don an saba. Riga ɗaya mai laushi ta isa. A kuma rage daɗewar goyo da rana, gama zafin bayan uwa da na zane su kan taru a kansa.

Saura kai da ƙafa. Hularmu ta ɗinki ado ce, ba ta tare wa fuska da ƙeya rana. Malfa ita ce hular bazara, manoma da makiyaya ba a banza suka riƙe ta ba; in babu, kowace hula mai faɗin baki ta yi. Takalmi ƙafa biyu sun isa: rufaffe guda, wanda ƙafa ta saba da shi, saboda ƙaya da duwatsu, da silifa don masauki da bakin ruwa. Ba a fara sabon takalmi a daji. Da safe kuma a zazzage takalmi kafin a zura ƙafa, gama bazara lokacin kunama ne.

KAYAN SHIGA RUWA

Da wuya mutum ya je Yankari da zafi ya ga ruwan Wikki ya haƙura. A nan ne kaɗai roba ta fi auduga, domin auduga in ta jiƙe ta kan yi nauyi, ta manne, fara kuwa har ta nuna jiki. Sai a keɓe kala ɗaya musamman don ruwa, na yadin roba mai saurin bushewa wanda ba ya nuna jiki: namiji wando mai wuce gwiwa da 'yar riga, mace riga da dogon wando da ɗan abin rufe kai wanda ba zai naɗe ta ba. Doguwar riga mai yalwa da babban hijabi, waɗanda muka yaba a tudu, hatsari ne cikin ruwa, gama su kan cika su harɗe ƙafa, akwai kuwa inda zurfinsa ya kusa mita 2. Kada a yi wanki a maɓuɓɓugar. Ruwan na kowa ne, yana kuma gangarawa Gaji inda dabbobi ke sha. A tafi da leda guda ko biyu don ɗauko jiƙaƙƙun kaya, amma kada a bar su ƙunshe a ciki su kwana.

WANKI DA SHANYA

Tun da ya ke dukan lissafin nan bisa wanki ya dogara, kayan wanki suna cikin guzuri: sabulu sanda guda ko garin sabulu kaɗan, da igiya mai tsawon mita 5 ko 6, da abin maƙale shanya. A wanke tufa da an tuɓe ta, kada a tara. Gishirin gumi in ya bushe cikin yadi ya kan bar farin sawu, ya sa yadin ya yi tauri ya riƙa gurzar fata.

Shanya kuwa a igiya a ke yinta, cikin rana sosai, ba bisa ƙasa ko ciyawa ba. Akwai wani ƙuda a ƙasashenmu wanda ke zuba ƙwai bisa ƙasa a inuwa da kuma tufafin da ke da danshi. In an sa tufar sai tsutsar ta huda fata ta shiga, wurin ya kumbura kamar maruru. Ya fi yawa da damina da wurare masu laima, amma rigakafi ya fi magani. Guga tana kashe ƙwan. Inda ba a da tabbacin dutsen guga, igiya da rana mai ƙarfi su ne madadinta.

Wani abin lura kuma shi ne gwaggon biri, wanda masaukin Wikki ya yi suna da shi. Su kan yi yawo tsakanin ɗakuna ba tsoro, su fizge leda ko jaka in sun zaci da abinci a ciki. A yi shanya inda ido ke kaiwa, a kwashe da ta bushe. Ƙofa da taga su zauna a rufe, kada kuma a haɗa abinci da tufafi cikin jaka guda.

IN HUTUN NA BAKIN TEKU NE

Lissafin ukun nan na busasshen zafi ne, irin na Arewa kafin ruwa ya sauka. Wanda hutunsa ya kai shi Ikko ko Kalaba, ko ya haye zuwa Mombasa, zai tarar da wani zafi dabam. A can ma'auni ba ya kai na Bauchi cikin Afrilu, amma iska cike ta ke da laimar teku, ba ta da wurin karɓar gumi. Sai mutum ya yi sharkaf bai kuwa ji sanyi ba, rigar da aka wanke da dare ta wayi gari da danshi. A nan uku ba su isa ba, sai huɗu ko biyar, kayan ciki takwas, yadi kuma mafi sauƙi da za a samu. Ko a Yankari ma, in an shiga Mayu hadari ya fara haɗuwa, iska ta yi nauyi, sai a ƙara kala guda.

In tafiyar ta jirgin sama ce, kamfanoni da yawa kilo 23 su ke ba akwati guda, da wajen kilo 7 na jakar hannu. A sa kala ɗaya da kayan ciki biyu cikin jakar hannun, domin wani lokaci mai akwati ya kan riga akwatinsa isa. A tafi kuma da riga guda mai ɗan kauri saboda sanyin na'ura a jirgi da masauki.

IDAN ZAFI YA RINJAYI MUTUM

Ba don ƙawa muka tsawaita wannan magana ba. Zafi yana kisa, ya fi kuwa saurin kama ƙananan yara, da tsofaffi, da masu ciki, da masu ciwon zuciya ko na sukari. Tufa ta gari rabin kariya ce. Sauran rabin shi ne ruwa, a sha tun ƙishirwa ba ta zo ba, da zaman inuwa daga wajen ƙarfe 11 har la'asar. Alamun farko su ne ciwon kai, da jiri, da kasala, da tashin zuciya, da ɗaurewar naman ƙafa. Wanda aka ga haka gare shi a kai shi inuwa, a sassauta masa tufafi, a jiƙa masa jiki, a yi masa fifita, a ba shi ruwa kaɗan kaɗan. In kuwa ya fara sambatu, ko hankalinsa ya rikice, ko ya suma, jikinsa ya yi zafi rau, abin ya wuce maganin gida. A lulluɓa masa jiƙaƙƙen zane, kada a ɗura masa ruwa a baki in ba ya cikin hayyacinsa, a nufi asibiti ba da jira ba, ana fifitar ana tafiya. Wanda ya tuna nisan da ke tsakanin Wikki da manyan asibitocin Bauchi ba zai yi sakaci da alamun farko ba.

BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA

Shawararmu ga masu niyya ita ce, kwana biyu ko uku kafin tashi, mai gida da uwargida su shimfiɗa tabarma, su zube dukan abin da su ke nufin ɗauka. Kowace tufa a yi mata tambaya uku. Iska tana ratsa ta? In an wanke ta da hantsi, za ta bushe kafin la'asar? Launinta zai kira ƙuda? Wadda ta gaza a mai da ita adaka, ta jira Salla. Waɗanda suka rage a naɗe su kamar tabarma maimakon ninki, sun fi shiga jaka, kowane yaro kuma a yi masa ƙullinsa dabam don kada a birkice kaya duka wurin neman wando guda.

In an yi haka, jaka biyu ko uku sun ishi gida guda, mota ta sami wurin ruwan sha, wanda ya fi shadda amfani a can, hankali kuma ya koma ga giwaye a bakin Gaji, watau abin da ya fid da mutum daga gida tun farko. Allah ya kai matafiya lafiya, ya komo da su lafiya.